Ashe ni na shaƙe injin da hannuna

Ranar kasuwar Yawuri, muna tsakiyar kogi da buhunan albasa, tsohon injin jirginmu mai doki 40 ya fara tari. Hayaƙi kamar ana ƙona taya, ƙarfi kuwa babu. Da fulafili muka ƙarasa gaɓa, fasinja na ta salati.

Bakanike bai ce min uffan ba. Ya kwance fulogi ya miƙo min: baƙi ƙirin, ya yi danƙo da mai. Ya haska tocila ta ramin fulogin, sai ga kan fistan ya yi ɓawo kamar gindin tukunyar da ta shekara a murhu. Ya ce, "Maigida, kabon ne, dattin ƙunar mai. Nawa kake zuba baƙin mai a fetur?"

Na yi tsuru-tsuru. Ni da ido nake aunawa, har in ƙara, wai tausayin tsohon inji. Ashe rabin lita ne a lita 25 na fetur, kuma man injin ruwa, ba na mota ba. Rarar da ba ta ƙone ba ita ke daskarewa ta riƙe ringin fistan, matsin inji ya zube. Ga kuma halina na barin inji yana sulo a bakin ruwa ina jiran lodi, bai taɓa yin zafin kirki ba.

Yini guda ana kankarewa. Yanzu na ware gorar awo, duk Juma'a ina duba fulogi. In ya fito ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, sai in mayar. A hanyar dawowa kuma nakan sake masa wuta na ɗan lokaci ya ƙone dattinsa.