Bindigar Kaka

Yau Lahadi na wuni kan bindigar tokar da Kaka ya bari, wadda ya yi farauta da ita a dajin Baban Rafi tun ba a haife ni ba. Tun rasuwarsa tana jingine a kusurwar ɗaki, gindinta a ƙasa. Laimar damina ta shiga ƙotar, ƙarfen da ke gindinta ya yi jajir da tsatsa, itacen kuma ya fara tsagewa ta ƙarƙashinsa. Raina ya ɓaci sosai da na gani, don sakacinmu ne.

Kafin komai na zura sandar ɗuri cikin bakinta na tabbatar babu albarushi. Kusoshi 2 ne masu murɗi ke riƙe da ƙarfen. Na sa sukudireba na murɗa da ƙarfi, sai ya zame ya cinye mini bakin ta sama. Nan na tsaya.

Bayan azahar na naɗe ta da buhu na kai wa wani tsohon maƙeri kusa da babbar kasuwa. Ya juya ta ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ka yi mata wannan raunin?" Na ce, "Ni ne, Baba." Bai ƙara magana ba. Ya sa allura ya kwashe daƙon da ke cikin tsagar kan kusoshin, ya ɗiga kananzir, ya ce mu sha shayi ya jiƙa. Daga baya ya goge bakin sukudirebansa har ya cika tsagar daidai, ya ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafi kan kusa na ɗan lokaci, ya daddoki sukudireban da guduma a hankali. Abin da ya burge ni, sai da ya fara murɗawa wajen ɗaurewa kaɗan kafin ya kwance. Na ji ƙaras, ta motsa.

Kusoshi sun fita amma ƙarfen yana nan manne. Na miƙa hannu zan soka wuƙa in ɓamɓare, ya riƙe ni, ya ce tsohon itace ba ya jure haka. Guntun katako ya sa yana bugunsa ta gefe har ya saki.

A ƙarƙashinsa akwai ɗan rami da aka fafe, da laya naɗe da zare baƙi. Ban buɗe ba. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa Inna ta gani.