Reshe ake dubawa kafin fure

Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, amsa tambaya ita ce ta fi cin lokacinmu a gidan renon fulawar da na yi aiki a kudancin Ingila, lokacin ina karatun aikin gona. Mutum zai sayi gida cikin hunturu, ya gaji lambun da wani ya dasa. Sanyi na janyewa sai ya ga itatuwan da ya ɗauka matattu ne sun ɓarke da fure. Sai ga shi da hoto a waya, yana son sanin sunansu da lokacin da zai yi musu aski.

Kusan kullum hoton fure ne kaɗai, an matso da kyamara har ba abin da ake gani sai launi. Dattijuwar da ke koya mana aiki ba ta tsayawa kan irin wannan hoto. Cewa take yi a koma a yanko mata reshe mai tsawon taƙi ɗaya. Hujjarta ita ce fure baƙo ne, mako biyu ko uku yake yi ya tafi, reshe kuwa yana nan shekara zagaye.

Masu ruwan ɗorawa su ne suka fi rikita mutane. Akwai guda uku da nesa kaɗan ba ka raba su: fosaitiya, yasmin na hunturu, da keriya. Fosaitiya furenta falle huɗu ne, yana fitowa a kan reshe tsirara kafin ganye. Reshen ruwan ƙasa ne da 'yan ƙuraje a jiki, idanun tohon suna zaune biyu-biyu suna fuskantar juna, in kuma ka tsaga shi za ka tarar cikinsa rami ne ko ɗaki-ɗaki. Yasmin na hunturu reshensa kore ne shar mai kusurwa huɗu, sai ka ji su in ka murza shi tsakanin yatsu, furensa falle biyar ko shida, ba ƙamshi, kuma ya kan riga kowa fitowa tun sanyi bai tafi ba. Keriya ita ma kore ce, amma idanunta ɗaya nan ɗaya can suke, ba sa haɗa gaba, cikin reshen kuma cike yake da farin ɓargo. Duk ukun asalinsu gabashin Asiya ne. Fosaitiya ma sunan wani ɗan Sikotland ta ci, William Forsyth, wanda ya kula da lambunan sarauta ya kuma rasu a 1804.

Da farko na ɗauka wannan duk ilimin burge mai saye ne. Sai daga baya na gane almakashi ne a ƙarshen maganar. Masu furen wannan lokaci tun bara suke ɗaure furensu a jikin reshe. Wanda ya yi wa fosaitiya aski a Fabrairu don lambu ya yi tsaf, furen bana ya zubar a kwandon shara da hannunsa. Askinta sai ta gama fure. Haka kilimatis, wadda ke hawa shinge tana riƙe waya da sandar ganyenta. Nau'in da ake kira montana, wanda aka kawo daga tsaunukan Himalaya, yana rufe bango da fure fari ko ruwan hoda mai falle huɗu a Mayu, kuma ba a taɓa shi sai bayan nan. 'Yan'uwansa masu fure a ƙarshen zafi kuwa a Fabrairu ake datse su kusa da ƙasa. Suna ɗaya, umarni biyu masu karo da juna. In ka ba mutum sunan gidan kawai ba ka faɗa masa nau'in ba, ka jawo masa asarar shekara.

Wistiriya, wata mai yaɗo da ke hawa bango, ce ta fi shiga raina, wataƙila don ganin farko na gane danginta. Duk wanda ya taɓa durƙusawa a gonar wake ya san wannan fasalin fure, kuma gaskiya gidansu ɗaya da wake da gyaɗa. Har kwanso take yi, sai dai 'ya'yanta guba ne, muna gargaɗin masu yara. Iri biyu suka fi yawa a bangon gidajen Ingila: ta Sin, wadda ta iso ƙasar a 1816, da ta Japan. Ta Sin tana buɗe furenta kusan gaba ɗaya kafin ganye ya cika. Ta Japan zangarniyarta ta fi tsawo, wata har ta kai mita guda, tana buɗewa sannu a hankali daga gindi zuwa baki. To a Janairu fa, babu fure babu ganye? Sai ka dubi yadda ta naɗe sanda. In kana kallo daga sama, ta Japan tana bin hannun agogo, ta Sin tana saɓa masa. Ba mai koya musu, kuma ba sa sauyawa.

Manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto sun zo mana da sauƙi, ba na raina su. Sukan kai ka ƙofar gidan dangi, amma raba 'yan ɗaki ɗaya yana musu wuya, don su ma furen aka nuna musu. Sannan ba sa shinshinawa. A dajin Ingila tafarnuwar daji na fitowa a wannan lokaci, mutane na tsinkar ganyenta su dafa, alhali akwai wani tsiro mai guba, mai fararen furanni kamar ƙananan ƙararrawa, da ganyensu ke kama da juna. Murza ganye ɗaya a hanci ya raba gardama. Dafodil ma, wata fulawa mai guba, kansa na cikin ƙasa kamar albasa yake, har a 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta roƙi manyan kantuna su daina ajiye shi kusa da kayan miya.

Ƙorafin da ya fi dawo mana shi ne na wistiriyar da ta cinye bango shekara da shekaru ba ta taɓa fure ba. Mai ita ya zuba taki, ya canja aski, shiru. A nan ma ƙasa ake duba. Wadda aka tayar daga ƙwaya tana iya kai shekara ashirin kafin ta yi fure, shi ya sa na kirki duk masu aure ne, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro. Tabon auren yana nan ɗan sama da ƙasa, wani kumburi a jikin kara. In babu shi, ko kuma yaɗon da ya cika bangon daga ƙasan tabon ya fito, to uwar gindin ce ta ƙwace, kuma mukan gaya wa mai gida gaskiya: ya cire ta ya sayi wata a watan Mayu, tana cikin fure, ya gani da idonsa kafin ya biya.