Kuɗin Goron Da Na Yi Wa Jamusawa Da Faransawa

Ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a Jamus. Daren Juma'ar da ta wuce na je yi wa mahaifiyarsa murna, sai na tarar da shi a ƙofar gida da abokansa uku, sun haɗa kai a kan waya guda. Wani ɗan bidiyo suke kallo, wai ana bayanin halin Turawa: Bajamushe ba ya dariya, agogo ne ubangidansa, Bafaranshe kuwa sai girman kai da lalaci da yajin aiki. Bayan ya gaishe ni ya ce, "Kawu, ai na gama gane su tun kafin in je. Mutanen nan ba su da tausayi. Karatuna zan yi, in kulle ƙofata, in dawo." Gabana ya faɗi, domin kusan abin da na gaya wa mahaifina ke nan a 2009, ana gobe zan tashi.

A birnin Stuttgart na Jamus na zauna, a wani ɗaki a hawa na uku. Mutanen yankin suna da wata al'ada da suke kira Kehrwoche: kowane mako akwai wanda sharar matakala da ƙofar gida take kansa, ana rataya masa ɗan allo a bakin ɗaki. Ni ban san haka ba. Makon ya wuce ban taɓa tsintsiya ba, sai na ga an turo min takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Wata tsohuwa ce a hawa na biyu, ta haura tamanin. Bayan kwana kaɗan ga wata takardar a kan shara: takarda daban, kwalba daban, ragowar abinci daban. Sai wata kuma, cewa ba a kunna injin wanki ran Lahadi. Na ce a raina, yauwa, ga abin da aka gaya min nan. Daga ranar, in na ji motsinta a matakala sai in tsaya har ta shige.

Kuma ina da hujjata, kada a ɗauka haka kawai na tsangwame ta. Kafin in samu ɗakin nan, wani mai gida ya tabbatar min ta waya cewa ɗaki yana nan, da ya ga fuskata ya ce an riga an kama. A tashar jirgin ƙasa an taɓa tsallake mutane da yawa aka zo kaina, ni kaɗai aka nemi takarduna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har yau in na tuna mai gidan nan raina yana ɓaci. Sai dai tsohuwa ba ita ta yi min ba, ita na ɗora wa.

Sau uku tana gayyatata shan kofi da kek ran Lahadi da yamma, yadda suke yi. Sau uku ina cewa ina da karatu. Na riƙa gaya wa kaina tsoron giya ko man alade nake yi. Da hakan ne da na tambaye ta, ai bakina bai ciwo. Gaskiyar magana na riga na yanke mata hukunci, ba na son abin da zai warware shi.

A sanyin shekarata ta biyu ciwon ƙirji ya kwantar da ni kusan mako uku. Makon sharata ya faɗo a ciki. Ina kwance na ji ƙarar tsintsiya a matakala, a share kaɗan a tsaya, a share kaɗan a tsaya, ana haki. Da yamma aka ƙwanƙwasa. Kafin in lallaɓa in buɗe ta sauka, ta bar 'yar tukunya a nannaɗe da tawul, da takarda irin waccan da na tsana, da rubutunta mai karkarwa: babu alade, naman daga shagon Baturke ne. Na shanye miyar tas. Da na warke na mayar mata da tukunya, na yi godiya a tsaye a bakin ƙofa, ban shiga ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da na ce wa wani abokina a waya daren nan: "Ita dai daban ce, amma Jamusawa ka san halinsu." Haka abin yake rayuwa a zuciya. Mutum goma za su yi maka alheri ka ce kowanne daban ne, ɗaya ya ɓata maka ka ce ai ga halinsu nan.

Ta rasu ina hutu a gida. Da na koma na haɗu da 'yarta tana kwashe kaya. Ita ta gaya min cewa mahaifiyarta ba 'yar garin ba ce, a 1945 ta iso tana budurwa daga yankin Silesiya, cikin miliyoyin Jamusawan da aka koro daga gabas bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ta daɗe ana mata kallon bare. Takardun nan, in ji ta, don kada sauran maƙwabta su kai ƙarata wurin mai gida ne.

Na Faransawa kuwa daga gida na tafi da shi. Kakata 'yar Birnin Ƙonni ce, na taso da labarin ɓarnar da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta yi wa garin a 1899. Akwai wani Bafaranshe ɗan Strasbourg da muke aiki a ɗakin gwaji ɗaya. Wata rana ana cin abincin rana na juye masa labarin nan duka a gaban mutane, kamar shi ya cinna wutar. Ya yi shiru. Washegari ya same ni ya ce ba a taɓa koya musu ba, ya kwana yana karantawa. Sannan ya ba ni nasa: kakansa yana cikin samari kusan 130,000 na Alsace da Moselle, yankunan Faransa da ke kan iyakar Jamus, da aka tilasta wa shiga sojan Hitler daga 1942. Mahaifin kakan an haife shi Bajamushe, ya zama Bafaranshe a 1918, aka mayar da shi hannun Jamus a 1940, ya sake komawa Bafaranshe bayan yaƙi, duk bai bar ƙauyensu ba. To wannan halin wa zan ba shi? Ban yi nadamar gaya masa labarin Ƙonni ba, ya kamata su sani, kuma ko yau zan maimaita. Yadda na faɗa ne nake jin kunyarsa.

Sauran maganganun ma ba sa tsayuwa in an auna. Alƙaluman OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki, sun nuna matsakaicin ma'aikaci a Faransa ya fi na Jamus yawan awannin aiki a shekara. A 2023 kusan kashi 64 cikin ɗari ne kawai na jiragen ƙasa masu dogon zango a Jamus suka iso kan lokaci. Filin jirgin saman Balin da aka ce za a buɗe a 2011 sai 2020 ya buɗe. Mai cewa ba sa dariya kuma bai ga birnin Kolon a lokacin bikin shagalinsu na Karneval ba. Mu da muke jin zafi in an kira kowane ɗan Arewa "aboki" a Legas, ko a ga koren fasfo a ɗauke mu 'yan damfara, mu ne ya kamata mu fi kowa gudun wannan hali.

Na zauna ne da niyyar rubuta muku shawarwari da yawa, ku masu shirin tafiya, amma biyu ko uku suka rage min. In an gayyace ka, ka je. Kana tsoron abin da ke cikin abinci, ka buɗe baki ka tambaya. Kada kuma ka saki jiki da kowa don na ba ka labarin tsohuwa, masu ƙin baƙar fata suna nan, za ka haɗu da su, in an taka ka ka yi magana. Kuma kada ka kuskura ka makara. Na san yanzu na gama cewa jiragensu ma suna makara, amma kai in ka yi lattin minti goma ba za a yafe maka ba. Abin da ke ba ni haushi da ku shi ne, mu a lokacinmu jahilcinmu daga bakin mutum biyu ko uku muka samo shi, ku kuwa duniya tana tafin hannunku, amma bidiyon minti ɗaya ya ishe ku ku gama da mutum sama da miliyan tamanin. Ko tarihin garin da za ku zauna ba ku iya zama ku karanta.

Ranar Asabar yaron zai tashi daga Abuja. Na ja shi gefe na ce, Lahadin farko ya sayi ko da dabino ne, ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa ya gaishe shi. Ya ce, "To, Kawu," idonsa yana kan waya.