Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Kwalin da Kawu Ya Kawo Daga Alaba

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a kan Babbar Sallar 1994, wadda ta faɗo a watan Mayu, lokacin da Kawu ya sauko daga Arewa da tirelar raguna ya kai Alaba Rago. Kasuwa ta yi masa kyau a shekarar. Kafin ya koma gida sai ya tsallaka babbar kasuwar kayan lantarki ta Alaba da ke Ojo, ya sayo wa Inna rediyo, mu yara kuma ya sayo mana wani kwali. Daga can zuwa Agege, inda muke zaune, ba nan kusa ba ne: a lokacin sai a hau molue, doguwar bas ɗin haya ta Legas, zuwa Mile 2, a sauya zuwa Oshodi, sannan a nemi ta Agege. Kawu ya ce a ƙirji ya rungume kwalin duk tsawon hanyar saboda 'yan sane.

Gem ne a ciki. Fari da ja, da hannaye biyu, da bindigar roba, da adafta mai nauyi, da kaset guda ɗaya rawaya. Ba na asali ba ne. Na asalin kamfanin Nintendo na birnin Kyoto a Japan ne ya fitar da shi a 1983 da sunan Famicom, namu kuwa irin kwaikwayon da ake ƙerawa a Taiwan da Sin ne, wanda ya cika kasuwannin Legas a lokacin. A jikin kaset ɗin an rubuta wasanni 999, amma in ka bi su za ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa: harbin agwagi, yaƙin tankoki, Contra, sai Mario.

Talabijin ɗinmu baƙi da fari ce, mai ƙofar katako da ake ja a rufe. Tashoshi ba sa buɗewa sai ƙarfe 4 na yamma a ranakun aiki, don haka da safe in ka kunna ba abin da za ka gani sai yayyafin tsaki da ƙarar shuuu. Yaya ya cire wayar eriya ya sa ta gem, ya dinga murza maɓalli a hankali. Can sai tsakin nan ya washe, wani ɗan mutum mai hula da gashin baki, wato Mario, ya bayyana a tsaye. Yaya ya miƙo mini hannu ɗaya ya ce, "Danna nan." Na danna. Mutumin ya yi tsalle.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Duk rayuwata talabijin ita ke magana mu saurara, mai karanta labarai bai san da zamana ba. Yau ga wani a bayan gilashi yana jiran babban yatsana, in na tsaya ya tsaya.

Ba a jima ba gari ya rikice. An kama Abiola, ɗan takarar shugaban ƙasa a zaɓen 1993, a watan Yuni, a farkon Yuli ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki, Legas ta tsaya cak. Babu mota, babu kananzir, ana ƙone-ƙonen tayoyi a manyan tituna. Mu Hausawan Agege muna cikin zullumi na daban, domin ba a daɗe ba da gudun da mutane suka yi zuwa garuruwansu a 1993 bayan soke zaɓen 12 ga Yuni. Baba ya daina zuwa rumfarsa ta goro kullum, ya kafa doka: ba mai wuce bakin ƙofar gida sai zuwa masallacin layi. Gidan haya ne mai dogon lungu, ɗakuna suna fuskantar juna, Hausawa da Yarabawa a haɗe. Wuta kuma sai ta ga dama. In aka kawo ta, yaran gidan kaf, har da jikokin mai gidan, ɗakinmu suke yi, a zauna a kan tabarma ana karɓa-karɓa. Wanda ya mutu ya miƙa hannu ga na kusa. Da Yarabanci ake yi wa mutum kuwwa, da Hausa ake zaginsa in ya faɗa rami, ba wanda ya taɓa kawo maganar siyasa cikin ɗakin nan.

Abin da nake son in faɗa a wannan kashi yana da wuyar faɗi, kuma na san wasu za su ce na kai abin wasa inda bai kamata ba. Ku yi mini haƙuri ku ji.

Duniyar Mario tana da ƙa'idoji da ba sa sauyawa don kowa. Rai uku ake ba ka. Akwai agogo a sama yana ƙirga lokacinka, in ya kusa ƙarewa kiɗan ya ƙara sauri, gabanka ya dinga faɗuwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba a komawa baya. Da zarar ka wuce wuri, gefen gilashin ya zama bango. Sulallan da ka bari sun baru. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma a nan na fara jin nauyin maganar da Malam yake yi mana a makarantar allo cewa jiya ba ta dawowa.

Sannan ga ɓoyayyun abubuwa. Wata rana jikan mai gidan ya yi tsalle a fili, inda babu komai, sai kansa ya daki wani bulo da ido ba ya gani, ƙarin rai ya fito. Muka yi tsit. Daga baya muka gano cewa a mataki na biyu, na ƙarƙashin ƙasa, ana iya hawa saman rufi a bi ta kai, a faɗa wani ɗaki mai bututu uku da ke tsallakar da mutum zuwa gaba. Daren nan ban yi barci da wuri ba. Tunanina ɗaya: wani ne ya ajiye wannan. Wani da ban taɓa gani ba, wanda bai san akwai Agege ba, ya zauna ya tanadi alheri a inda ido ba ya kaiwa, ya bar shi yana jiran wanda zai nema. Sai da na girma na ji sunan Shigeru Miyamoto, wanda ya tsara wasan, na kuma ji cewa a 1985 wasan ya fito, matakai 32, dukkansu cikin kilobayit 40 kacal. Amma a daren, ina kwance ina jin numfashin ƙannena, daga tunanin mai gem na zarce tunanin Wanda ya tsara tawa duniyar, da abin da Ya ajiye mini wanda ban kai gare shi ba tukuna. Ba wanda ya ce in yi wannan tunani. Shi ya zo da kansa, kuma na ji tsoro da daɗi a haɗe.

Malam bai yarda da gem ba ko kaɗan. Da labari ya kai masa, ya karanto mana ayar da ke cewa rayuwar duniya wasa ce da shagala, ya ce ga shagalar nan an ƙunso mana a kwali. Ban ga laifinsa ba, har yau. Na ga yaran da abin ya cinye musu karatu.

Baba ne ya kalli abin ta wata fuska. Wata la'asar sakaliya aka kawo wuta, sauran yara ba sa nan, ni kaɗai na zauna. Na kai wurin da ban taɓa kaiwa ba, da rai ɗaya a hannuna. Ban san yadda zan kwatanta ba, amma komai ya ɗauke: yunwa, zafin ɗaki, hayaniyar lungu, har tsoron da ya yi makonni a cikina. Yatsuna suna aiki ba tare da na ce su yi ba. Inna ta ce sau uku Baba ya kira ni daga bakin ƙofa, ko gezau. Da na mutu na ɗago kai, sai na gan shi tsaye da buta a hannu.

Bai ɗaga murya ba. Sunan mahaifinsa gare ni, don haka Babana yake ce mini.

"Babana, ina ka tafi?"

"Ina nan, Baba."

"A'a, ba ka nan. Tashi ka yi alwala."

A hanyar masallaci ya riƙe hannuna, abin da ba ya yawan yi. Ya ce, "Shekara arba'in ina neman zuciyata ta tsaya wuri ɗaya a raka'a biyu kacal, tana kufce mini, ta tafi kasuwa, ta tafi Shagamu wajen goro. Kai ga taka ta tsaya. Ashe kana da ita. To wannan da na gani ita ake nema a inda za mu yanzu. In an kabbarta, ka nemo ta."

Na nema a sallar Magaribar nan. Ban same ta duka ba, amma a karon farko na san me nake nema. Kafin ranar, in Malam ya ce kushu'i, ina ɗauka sunkuyar da kai ne da rage motsi. Ban taɓa cewa gem ibada ne ba, ba kuma zan ce ba. Abin da na sani shi ne a gaban talabijin ɗin nan mai ƙofar katako na fara sanin cewa zuciya tana iya tattaruwa gaba ɗaya, kuma mahaifina, wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba har ya bar duniya, shi ya gane abin ya nuna mini inda zan kai shi. Allah Ya jiƙansa da rahama.

A cikin watan Agusta wuta ta zo da ƙarfi cikin dare, adaftar ta yi ƙauri ta mutu. Zuwa Alaba neman wata ba ta ma taso ba, babu motar zuwa. A makon ne kuma Kawu ya aiko da saƙo ta hannun wani direban tirela cewa a turo masa Inna da yara har ƙura ta lafa. Baba ya kwana biyu bai ce komai ba, sannan ya amince. Yadda muka bar Agege da asuba a bayan tirelar goro, da abin da ya same mu kafin mu kai Jebba, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.