Sun kore ni, sannan suka biyo ni bashi

Fiye da shekara biyar ina riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Wata rana aka ce katan-katan sun yi ɓatan dabo. Ba a kafa kwamiti ba, ba a nemi jin ta bakina ba, sai takardar kora aka miƙo mini. A lokacin akwai ragowar rancen da na karɓa a kamfanin don biyan kuɗin haya, ana cire shi kaɗan-kaɗan daga albashina kowane wata.

Da farko ba wanda ya yi maganar rancen. Sai da lauyata ta rubuta musu cewa korar ba ta bisa ƙa'ida, sannan bashin ya farka. Wasiƙarsu ta zo da wa'adi, kuma kuɗin da suka rubuta ya ninka abin da na sani, domin sun haɗa ragowar rancen da kuɗin kayan da suka ce sun ɓata, sun mai da shi dunƙule ɗaya. Daga nan wani mai karɓar bashi ya fara kirana safe da yamma. Da ya ga ban girgiza ba, ya koma kan yayana, wanda ya tsaya mini lokacin ɗaukar aiki. Wannan shi ya fi ci mini rai. Mutumin da ya sa hannu don rufin asirina, ga shi ana yi masa barazana a gaban iyalinsa. Ya kira ni ya ce, "Ƙanena, ka biya su mu huta, ko gonar gida ce a jinginar." Na ce, "Yaya, ka yi mini haƙuri. Abin da na ci zan biya, wanda ban ci ba kuwa sai alƙali ya ce."

Lauyar ce ta ɗora ni a kan wannan matsayi. Ta ce, "Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa, kada ka musanta rancen. Amma rance daban, zargi daban." Muka amsa musu a rubuce: na yarda da ragowar rancen, ga takardun albashina da ke nuna abin da aka riga aka cire, ina neman cikakken lissafi, kuma duk wata magana ta bi ta ofishinta. Ta nuna mini sashe na 5 na Dokar Ƙwadago, wanda ya hana mai kamfani yanke wa ma'aikaci albashi saboda asara sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Sashe na 11 kuma ya ce wanda ya kai shekara biyar a aiki, sanarwar wata guda kafin a sallame shi ce haƙƙinsa. Ni ko ta yini ɗaya ban samu ba. Ashe su ma ina bin su: albashin watan ƙarshe, kuɗin sanarwa, da kuɗin hutu.

Sai takardar gayyata ta zo daga caji ofis. Gabana ya faɗi, don kowa ya san yadda ake amfani da ɗaki mai duhu a sa mutum ya sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba. Tare da lauyar muka je. Ta tunatar da su sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, cewa ba a kama mutum don kawai saɓanin yarjejeniya ko rigimar bashi. Ta ce in sata ake zargi, a kawo hujja a bincika. Na rubuta jawabina, muka fito. An ajiye mini wata takarda ta alkawarin biyan dukkan kuɗin, ban taɓa ta ba. Duk wanda ya shiga irin wannan hali, wannan takardar ce tarkon, domin da ita za a tsaya gaban alƙali a ce ka amsa laifi da hannunka.

Muka shigar da ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, reshen Kano, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin rigingimun aiki ita kaɗai. Kamfanin ya shigar da tasa buƙatar ta bashi a cikin shari'ar, kuma hakan ya yi mini daɗi, don kiran waya ya tsaya, yayana ya samu barci. Jiran ya yi tsawo. Abin da ya riƙe gidana shi ne kashi 25 cikin 100 na asusun fanshona, wanda dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya yi wata huɗu ba aiki damar cira. A nan ma na gano watanni da dama da aka yanke mini kashi 8 cikin 100 na albashi ba a zuba a asusun fanshon ba, muka ƙara shi a cikin ƙarar.

A teburin sasanci aka ƙare. Ba su iya kawo takardar ƙidayar kaya mai sa hannuna ba, don haka suka janye kuɗin kayan. Aka cire ragowar rancen daga haƙƙoƙina, aka ba ni saura, suka zuba fanshon, aka kuma sauya takardar kora zuwa ta sallama, wadda da ita na nemi aikin da nake yi yanzu.