Kwallar Inna a Aboabo

A Kumasi aka haife ni, a unguwar Aboabo, amma ina goye aka fito da ni. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako 2 ya bar Ghana. Baba tela ne, ya karyar da keken ɗinkinsa, suka hau bayan babbar mota da tabarma da ƙunshin tufafi, suka nufo gida Wusasa. Sauran kayan ɗaki Inna ta bar su a hannun maƙwabciyarta, ta ce wata biyu ko uku za ta dawo.

A Littafi Mai Tsarki nata akwai wurin da ta ja wa layi da jan biro har takardar ta kusa hujewa, Farawa 28:15, inda Yakubu yana gudun ɗan'uwansa ya yi matashi da dutse, Allah ya ce masa yana tare da shi, zai kiyaye shi duk inda ya tafi, zai kuma komo da shi ƙasar nan. A gefe ta rubuta Kumasi. In muka ce mata Inna, shekaru fa sun ja, sai ta ce mai alkawarin ba ya ƙarya. Ta tara kuɗin mota sau da yawa, kullum sai makarantar wani ko ciwon wani ya cinye. Ta rasu ba ta koma ba. Ranar jana'iza ana ta waƙar amincin Allah, ni bakina ya ƙi buɗuwa. Da wannan nauyin na kama hanya, littafinta a jakata.

Daga Legas muka bi Seme, Kwatano, Lome, muka shiga Ghana ta Aflao. Na kwana a unguwar Nima a Accra, da asuba na shiga motar Kumasi. Kafin direba ya tayar, wani mutum ya miƙe ya yi mana addu'a da Tonanci, harshen Tonawa wato mutanen Asante, mota kaf ta amsa da amin. Tafiyar kimanin kilomita 250 ce. A Nsawam masu burodi suka yanyame tagogi, daga nan sai kore iya ganinka: gonakin koko, ayaba, kwakwar manja. A Nkawkaw duwatsun Kwahu suka tsaya a kanmu hazo na zaune a wuyansu. Nan na tuna yadda Inna ke cewa ruwan sama na can da ƙamshinsa yake zuwa, na kau da kai ga taga don kada ta kusa da ni ta ga idona.

Kejetia, babbar kasuwar Kumasi, kuwa ba a bayaninta. Na sha zuwa Kwari da Sabon Gari a Kano, amma nan sai da na riƙe jakata a ƙirji. 'Yan mata 'yan arewacin Ghana suna ratsa jama'a da manyan kwanoni a ka, ana ce musu kayaye, kuma kayan nan da ke cikin sunan namu ne na Hausa. Na shiga ƙaramar motar haya da suke kira trotro, ta bi ta Asawase. Tun kafin in sauka kunnena ya dawo gida: mai waakye, wato shinkafa da wake, tana kiran ciniki da Hausa, ga koko da ƙosai, ga mai tsire yana fifita wuta. Hausar tasu ta sha ruwan Tonanci, sau da yawa “ya zo” ta wadatar ko mace ce ta zo, amma Hausa ce mai rai, wadda fataucin goron Gwanja ya shuka tun zamanin kakanni.

Abin da nake da shi kwatance ne kawai: bayan masallaci, kusa da babban kwalbati. Na sami dattawa a benci bayan la'asar, na durƙusa na gaishe su. Na ce ina neman gidan da wani tela Kirista mutumin Zazzau ya zauna kafin korar baƙi. Aka yi shiru. Can wani mai farin gemu ya ce, “Mai ɗinki yana waƙa? Shi ya ɗinka mini rigar sallah ina yaro.” Ya kira jikansa ya ce ya kai baƙuwa wurin Hajiya.

Ta tsufa ƙwarai, idon ya yi rauni. Na faɗi sunan Inna, ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa, ta ce, “Ke ce mai kukan daren nan?” Sai ta tambayi uwata. Da na gaya mata, ta yi salati, ta daɗe ba ta ce komai ba, carbi na tafiya a hannunta. Daga nan ta sa aka jawo wani abu daga ƙarƙashin gado, naɗe da tsohon zane.

Kwalla ce mai furanni, bakinta ya ɗan ɓare. A ciki langa uku, ɗaya cikin ɗaya, a can ƙasa kuma littafin waƙoƙin Inna, takardun sun yi ja. Sama da shekara 50. Ta aurar da 'ya'ya mata, ta ga shekarar yunwa ta 1983, ruwa ya sha shiga ɗakin, ba ta sa wa kowa ko langa ɗaya a kayan ɗaki ba. Na ce, “Hajiya, ai da kin yi amfani da su.” Ta ce, “'Yata, ba ta ce ta ba ni ba. Cewa ta yi in ajiye.” Littafin kuwa ta ce ba ta iya karanta shi, amma ta san da sunan Allah a ciki, shi ya sa ba ta taɓa barinsa a ƙasa ba in damina ta yi ƙarfi.

Ran Lahadi na tafi unguwar Adum, majami'ar tunawa da Ramseyer. Fritz Ramseyer ɗan mishan ne na Basel ta ƙasar Switzerland. A 1869 mayaƙan Tonawa suka kama shi a Anum da matarsa da jaririnsu, aka koro su a ƙasa zuwa Kumasi, jaririn ya mutu a hanya. Sun yi fiye da shekara 4 a tsare, aka sake su a 1874. Sai 1896 ya dawo garin ya kafa aiki, bayan shekara 22. Ina zaune a bencin baya ana ta waƙa da harshen da ba na ji, na lura tsakanin kama shi da korar iyayena shekara 100 ce cif. Shi an kawo shi dole, su an fitar da su dole. Ya samu ya dawo, amma dawowar ba ta mayar masa da ɗansa ba.

Na buɗe littafin Inna na sake karanta labarin Yakubu a hankali. Shekara 20 ya yi a gidan Laban, kuma ba inda aka rubuta cewa ya sake ganin uwarsa Rifkatu. Yusufu ya mutu a Masar yana rantsar da danginsa su tafi da ƙasusuwansa, sai zamanin Musa aka ɗauke su. Ibraniyawa 11 ba ta ɓoye ba, ta ce waɗannan duk sun mutu da bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Ni a ganina sunan Kumasi Inna ce ta rubuta shi, ba Allah ba, kuma ba na ganin laifinta, marmari ne. Abin da ke cikin ayar tun farko shi ne “ina tare da kai”, wannan kuwa na gan shi da idona a Wusasa: ta iso da tabarma ɗaya, ta yi takaba da wuri, ta yi rainonmu mu shida da kuɗin ƙosai, ba mu taɓa kwana ba a yi addu'a a ɗakin nan ba. Zafin rashin komawarta bai fita daga raina duka ba. Amma da aka tashi waƙar ƙarshe na ji muryar na santa, irin wadda muke yi da Hausa ce, na bi su da kalmomin namu.

Da yamma na koma Aboabo sallama. Hajiya ta sa an yi tuwon zafi da miyar ayoyo. Muna ci sai ta fara wani amo a maƙogwaro, ba kalmomi, ta ce abin da uwata ke yi ke nan in tana daka. Na nemo waƙar a tsohon littafin na rera mata baiti biyu, tana kaɗa kai.

Da zan ɗaure kayan na ciro ƙaramar langar na sa mata a cinya. Ta shafa ta, ta ce, “Kyauta ce ko ajiya?”

Na ce, “Ajiya ce, Hajiya. Baɗi in Allah ya kai mu zan zo da 'yata ta karɓa.”

Ta kira jikarta ta ce a mayar da ita ƙarƙashin gado.