Gwajin Fgf8 a cikin ƙwan kaza

A ɗakin binciken da na yi aiki, da ƙwan kaza muke nazarin yadda ƙwaƙwalwa take fara ginuwa. Ana ɗumama ƙwan a digiri 38, bayan kamar kwana ɗaya da rabi a zuƙe farin ƙwan kaɗan da sirinji, a yanka taga a ɓawon, a zuba tawada ƙarƙashin ɗan tayin don ya fito fili a madubin likita. Wannan ne mataki na 10 a jadawalin da Hamburger da Hamilton suka fitar a 1951. A lokacin, ƙwaƙwalwar ba ta wuce wani bututu mai kumburi uku ba: na gaba, na tsakiya da na baya.

Aikina shi ne maimaita gwajin da Crossley da Martinez da Martin suka wallafa a 1996. Tsakanin ƙwaƙwalwar tsakiya da ta baya akwai wani ɗan wuya, inda ƙwayar gado Otx2 mai aiki ta gaba ta yi iyaka da Gbx2 mai aiki ta baya. Daga nan furotin Fgf8 yake fita, shi ne kuma saƙon da yake tsara maƙwabtan wurin. Sai mu jiƙa wata 'yar ƙwallo, wadda da ƙyar ido yake ganinta, a cikin Fgf8, mu dasa ta a ƙarshen bayan ƙwaƙwalwar gaba, wurin da ba ruwansa da wannan saƙo, mu rufe tagar da tef. Rufewar nan ba abin wasa ba ce, don bushewa ta fi kashe 'yan tayin fiye da allura.

Kashegari, idan aka rina wasunsu, za a ga En2, ƙwayar gadon da aka saba gani a yankin ƙwaƙwalwar tsakiya, ta farka kewaye da ƙwallon. Waɗanda aka bari suka girma kuwa, ƙwaƙwalwar tsakiya ta biyu ce take fitowa, tana fuskantar ta asali kamar hoto a madubi. Ba na yarda da wannan sai na ga ƙwallon da aka jiƙa a ruwan gishiri kawai bai haifar da komai ba, domin raunin allura ma yana iya karkatar da nama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, in ƙwallon ya matsa gaba sosai, ba a samun ƙwaƙwalwar tsakiya. A can goshin bututun, Fgf8 ɗin nan ƙwayar gado Foxg1 yake tayarwa, wadda take gina babbar ƙwaƙwalwa. Bambancin daga masu karɓar saƙon yake: ta gaba, inda ƙwayar gado Six3 take aiki, amsarsu daban; ta baya, inda ƙwayar gado Irx3 take aiki, amsarsu daban. Shi ya sa na koma zana wurin da na dasa kowace ƙwallo tun kafin in rufe ƙwan, tunda bayan kwana biyu naman ya naɗe, ba mai iya cewa ga inda ta fara zama.